Geronmu Mai Gashi Ya Ƙare

Daren Laraba, ƙarshen damina, Ƙaura.

Yau na bi gonar aronmu kunya-kunya ina duba zangarniya, ban ga gero mai gashi ba. Ko ɗaya!

A ƙauyenmu na Zurmi irinmu gauraye yake, wani mai gashi, wani sumul. Shekarar da tsuntsaye suka yi yawa, mai gashin ke tsira don yana tsone musu ido, shi muke ci, shi muke ajiyewa iri. Ranar da muka gudo, dami ɗaya na sura a bakin rumbu, sauran kuwa 'yan bindiga suka ƙone su. Shi muka shuka a nan, ashe babu mai gashi a damin. Ba zaɓa na yi ba, abin da hannuna ya taɓa ke nan, kuma shi kaɗai zai ci gaba da haihuwa.

Na gaya wa Baba bayan isha'i. Ya ce, "Mi kac ce? Irin da kakana ya bar muna?" Na ce wataƙila wani maƙwabci ya tsira da nasa. Ya ce, "Wane maƙwabci? Kowa da ransa kawai ya hito."

Ban iya gaya masa tsuntsaye sun fara sauka tun la'asar ba.