Ƙafar Najma ba ta warke ba

Ruwais, daren Talata, Rajab 1388

Yau kafili, maigidan da nake wa aiki, ya zo barga, ya ga Najma ta daina ɗingishi, ya ce, "Halas, shi ke nan, ya Usman, ranar Juma'a za ta shiga tsere." Na kama hannunsa na ɗora a ƙafarta ta gaba. Har yanzu da zafi, shi ma ya ji.

Wata biyu ina kai goɗiyar nan teku da asuba, muna tsayawa cikin ruwa har gwiwa, kumburin yana sacewa a hankali. Rana ɗaya zai ɓata min?

Wai in tuna iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, a hannunsa take. Na tuna. To, sai dai ya nemo wanda za ta bari ya ɗaura mata sirdi. Ni dai gobe teku za mu.