Ba Zan Ƙona Jiragenka Ba, Baban Safiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baban Safiya.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima inda kake. Na fita takaba. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma mutanen Bagudo za su karanta a shafina, kuma ina so su karanta, domin an daɗe ana maganarka a bayan idona.

Bari in fara ba ka labarin da ya sa na ɗauki waya. Yaya Ummaru ya zo da buhuna da wasu maza biyu, ya ce za a share ɗakinka na zaure, shinkafa zai zuba a ciki. Ɗakin nasa ne, ban musa ba. Sai ya ɗaga kai ya dubi ƙananan jiragenka na roba da ke rataye a silin, ya ce a tattara tarkacen nan a cinna musu wuta a bayan gida, sun isa abin kunya ga zuri'a. Ka san ban taɓa ɗaga wa yayanka murya ba. Ranar na tsaya a bakin ƙofa, na dafa dogaran ƙofar biyu, na ce masa sai dai a fara da ni.

Ya ce dattijo mai furfura ya ƙare rayuwarsa yana wasa da roba, yanzu kuma matarsa ta ɗauka. Na ce masa shi bai ga abin da na gani ba.

Ni ce na gan ka bayan motarka ta kife a hanyar Tsamiya, aka dawo da kai ƙafa ɗaya ba ta aiki. Direban da ya san kowane rami daga nan har Segbana ya koma kwance yana kallon bango. Ka daina cin tuwo, ka daina amsa sallama. Safiya ta zo daga gidanta na Zagga da jaririnta, ka ƙi juyowa ka dube shi. Masu cewa kai abin kunya ne yau, a watannin nan ko ƙofar zaure ba su leƙo ba.

Musa ne ya zo, abokinka Badende mai kayan gwanjo a ƙetaren iyaka. Ya ajiye maka wani kwali da ya tsinta cikin dilar da aka kawo masa daga Kwatano, da hoton kumbo a bayansa, irin na finafinan yaƙin sararin samaniya. Ya ce shi bai san amfaninsa ba, amma kai mai son kwance inji ne. Cikinsa 'yan gutsattsarin roba ne masu ruwan toka, maƙale a jikin firam kamar haƙoran mataji. Takardar bayanin ma ba da rubutun da ka iya karantawa take ba, zane kawai ka bi.

Kwalin ya kwana biyu a gefenka ba ka taɓa shi ba. Wata safiya ina shara na ji ka ce, “Hajara, ara mini abin yanke farcenki.” Maganar farko ke nan da ka yi mini da muryarka ta da.

Na tuna yadda kake zama, tire a cinya, tabarau a kan hanci. Ka ciro guntu, ka goge bakinsa da samfefa, ka ɗiga gam da tsinken sakace, ka riƙe shi da hantsaki kana ƙin yin numfashi. Na farkon ya fito a karkace. Na tambaye ka ko irin wannan ne ke kai alhazai, ka yi dariya har da tari, ka ce, “Wanga ba ya tsayawa Makka, wucewa yake yi.” Ranar ka cinye tuwonka, ka nemi ƙari.

Daga nan Musa ya riƙa cigiya duk inda aka kwance dila. Wani kwalin ya zo da ɓari a ɓace, sai ka yanka murfin bokiti ka sassaƙa madadinsa. Wani ka bar shi kusa da taga a watan zafi, fiffikensa ya lanƙwashe, ka yi kwana biyu kana fushi da rana. Ka sa aka sayo maka zaren kamun kifi daga Dole Kaina, ka rataye su. Don ka kai hannu silin ne ka fara tsayuwa da sanda. Wannan ma ba su sani ba.

Da magana ta yi yawa cewa gumaka kake ajiyewa, kai da kanka ka dogara sandarka har wurin liman da ɗaya a hannu. Ya jujjuya shi, ya ce bai ga surar mai rai ba, jirgi ne. Duk da haka a majalisa ba su fasa kiranka direban wata ba, wai mai tuƙi zuwa duniyar wata. Ka ce mini, “Bar su, ni dai na san inda nake zuwa in na zauna nan.”

Ranar rabon gado na yi abin da har yanzu ake zagina a kansa. Malamin da ya zo rabo bai ma sa jiragen cikin kaya ba. Na ce a sa su, kuma a ba ni su a cikin tumunina, na yafe rabona na babur ɗin da ka bari. Ya sake tambayata ko na fahimci abin da nake faɗa. Na ce na fahimta. Mata suka yi ta salati a tsakar gida, Inna Kulu maƙwabciyarmu ta ce baƙin ciki ya taɓa mini kai. Safiya kaɗai ta matso ta zauna kusa da ni. Yanzu halalina ne, da shaidu. Wanda ya taɓa su ya taɓa dukiyata.

Ɗakin ya tafi, shinkafa ce a ciki. Wajen kwashewa ɗaya daga cikin mutanen Yaya Ummaru ya taka ƙaramin nan mai fiffike huɗu, ya murƙushe. Na tsince shi a gefen zanena, ban yi kuka a gabansu ba. Sauran suna ɗakina, a saman gado.

Sai babban jirgin, wanda ka daɗe kana jira lokacin da aka rufe iyaka, ya iso ciwo ya riga ya ci ƙarfinka. Rabi ka haɗa. Na same shi yadda ka bar shi, hantsakin a kai.

Na ƙarasa shi, Baban Safiya. Na manne yatsuna biyu da gam har sai da na jiƙa su a ruwan ɗumi. Na karya wani siririn tsinke na samansa. Na kafa injin hagu a juye, na ɓamɓare, tabon yana nan. Duk wanda ya duba zai ga inda hannunka ya tsaya, nawa ya fara: gefenka sumul, gefena duk dabbaren fenti. Ba zan gyara ba. Ina aikin ina jin kamar kana bayana kana cewa in rage gam, sai in rage.

Kuma ga abin da masu karatu ba su ji ba tukuna. Na aika wa Musa saƙo, in ya sake samun wani kwalin ya ajiye mini. Ba don tunawa da kai ba, kana cikin raina ko babu roba. Ni ce nake so. Na zauna da tiren nan na gane abin da ka samu a ciki, kuma ban ga wanda zan nemi izininsa ba. A kira ni matar direban wata, zan amsa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sanya haske a cikinsa. Ya saka wa Musa da alheri. Ya shiryi masu dariya, ni kuma Ya ƙara mini haƙuri da su, don nawa ya kusa ƙarewa. Ya haɗa mu a Aljanna, kana tafiya da ƙafafunka biyu.

Taka har kullum,
Hajara, Maman Safiya
Bagudo