Tsuntsun Mang Engkus Ne Ya Yanke Hukunci

Ujungberung, Bandung
Lahadi, 14 ga Satumba

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Teteh Nining,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya sassauta miki wahalar aiki a Taiwan, ya ba tsohuwar da kike jinya sauƙi, ke kuma ya ƙara miki haƙuri da ita. Mu nan gida lafiya lau. Gwiwar mahaifiyarmu Ema ta yi sauƙi tun da ta daina hawa gangaren kasuwa da kaya a ka. Mahaifinmu Abah yana nan yadda kika bar shi, bayansa na ciwo, bakinsa a rufe, shayinsa ba sukari. 'Yarki Wiwin ta zubar da haƙora biyu na gaba, ta hana kowa ɗaukarta hoto har sai sun fito, don haka kada ki ga laifina.

Na zaɓi in rubuta miki a takarda in ba Ceu Imas da za ta koma wajenku, saboda kin san halina a waya: bakina yana riga hankalina fita. Na kuma ji abin da Ema ta gaya miki, wai Yayat ya haukace yana haƙa wa kansa kabari a bayan gida. Ba kabari ba ne, Teteh. Ki zauna ki karanta daga farko.

Kin san maƙwabcinmu Mang Engkus da murai ɗinsa, tsuntsun gasar nan mai dogon bindi da ya sa wa suna Guntur. Mutumin da bai taɓa yi wa jikansa wanka ba, amma kullum da safe yana fesa wa tsuntsu ruwa, ya shanya shi a hantsi, ya ƙirga masa gyare biyar a baki, sannan ya kunna masa kukan zakarun tsuntsaye don ya kwaikwaya. To, a watan Yuli ya kai shi babbar gasa. An rataye kejuna sama da hamsin a rumfa, alƙalai suna zagayawa da tutocinsu, masu tsuntsaye suna ta ihu a bayan shinge. Guntur ya fara kuka mai daɗi, kowa ya juyo. Yana tsakiyar waƙa sai ya tsaya, ya miƙe wuya, ya yi ƙiii-ƙiii, ƙiii-ƙiii, har sau takwas. Teteh, ƙarar fedar da nake takawa in buga babbar gangata ce, wadda na yi wata uku ina cewa zan sa mata mai. Tsuntsun ya ji ta ta katanga ya haddace. Aka ce har alƙali ɗaya sai da ya dafa ginshiƙi don dariya.

Da ya dawo bai ko ajiye kejin ba ya shigo gidanmu. Ya ce na kashe masa wahalar shekara biyu, wai ni da gangunana annoba ne a unguwa. Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma sai na ce masa ai Mang godiya ya kamata ka yi, yau ne tsuntsunka ya fara faɗin abin da ba a cusa masa ba. Ema ta ce inna lillahi, Abah ya tashi ya shige ɗaki. Washegari aka kira mu gidan mai unguwa, Pak Didin. Ashe ba Mang Engkus kaɗai ba ne, kowa da ƙullinsa a ciki: mai jariri, mai hawan jini, mai aikin kwana da ke barcin rana. Aka yanke cewa an ba ni kwana sittin. Ko dai sauti ya daina tsallake katangarmu, ko gangunan su bar unguwa. Kin fi kowa sanin yadda na haɗa su ɗaya bayan ɗaya cikin shekara huɗu, kuma ba ni da inda zan kai su. In sun fita, ni da Opik da sauran abokan kiɗana mun watse ke nan.

Kuskuren farko da na yi, na yi abin da kowa ke cewa a yi. Duk wanda ka tambaya a garin nan zai ce maka kiret ɗin ƙwai na kwali, a manna a bango, shi ke nan. Na bi masu sayar da ƙwai a kasuwa ina roƙo kamar mai neman aure, na tara kusan ɗari huɗu, na lulluɓe ɗakina har rufi. Na rufe ƙofa na buga, na tura Opik bakin titi ya saurara. Ya dawo yana cewa wallahi har kuskuren da na yi a bugu na biyu ya ji. Ba abin da ya ragu. Abin da ya ƙaru shi ne ƙarnin ƙwai da kyankyasai. Mang Engkus ya leƙo ta katanga ya ce min, Jang, wato yaro, in kajin sun fara saka ƙwai a ajiye min goma. Kwana tara suka tafi a banza.

Haushi ya sa na koma wajen mai sayar da tsofaffin littattafai a kan kilo. Mutanen da suka ce wanda ya bar makaranta a aji uku ba ya gane komai, da sun zo sun ga yadda na kwashe kwana huɗu a kan wani littafin gini marar bango, rabinsa gara ta ci. Abin da na fahimta a ciki bai fi abu uku ba. Sauti ba ya tsoron abu mai laushi, nauyi yake tsoro. Bango biyu da rata a tsakani sun fi bango ɗaya mai kauri. Kuma duk inda iska ta bi, sauti zai bi ta. Na zauna ina tunanin me ya fi komai nauyi kuma ba a sayensa. Sai idona ya faɗa kan tsohon tafkin kifin kakanmu Aki da ya ƙafe a bayan gida, wanda muka mai da shi wurin zuba shara. Rami ne a shirye, zurfinsa har ƙirji, ƙasa ta kewaye shi ta ko'ina.

Ni da Opik muka kwashe sharar, muka ƙara zurfinsa har ya shanye tsayina da hannu a miƙe. Sa'ar da muka ci rani ne, kuma gidanmu a kan gangare yake, sai na ja bututu daga ƙasan ramin zuwa kwata don ruwan damina. Jan bulo na samo daga wani gida da aka rushe a hanyar wurin aikina. Mai injin casar da nake wa aiki ya ce in kwashi buntun shinkafa iya ƙarfina, dama ya rasa yadda zai yi da shi. Shi na babbaka na zuba a ratar bango biyun. Daɓen kuwa, tsofaffin tayoyin babur na jera, na shimfiɗa katako a kai, don kada bugun ƙafata ya bi ta ƙasa.

Ga abin da nake so ki ji da kyau. Kin san tun da na bar makaranta ni da Abah ba mu yi magana ta minti biyar ba tare da ɗayanmu ya tashi ba. Da na fara jera bulo, sai ya riƙa fito da kujerarsa yana zama a inuwar gwaiba, yana kallo. Kwana uku haka. A rana ta huɗu ya ce min, Yat, wannan bangon naka ko akuya ta jingina da shi zai kwanta. Na buɗe baki zan mayar, sai na ga ya riga ya sauko cikin ramin da wannan bayan nasa, ya karɓe cokalin ginin daga hannuna. Shekara talatin yana gina wa mutane gidaje, ban taɓa tsayawa na kalli hannunsa ba sai ranar. Ya sa na rushe layi shida na sake. Ya zage ni, na zagi bulo, muka ci gaba. Da na karanta masa abin da littafin ya ce a kan ratar, ya ce mai littafin ya yi gaskiya, amma da gani bai taɓa kwaɓa siminti ba.

Rufin ne ya fi ba ni wuya, kuma ba don nauyinsa ba. Kankare ba ya jira, dole a zuba shi a yini ɗaya, dole sai an yi gayya. Wa zan kira? Mutanen da na yi shekara huɗu ina hana su sakat, wasu ma na gaya musu baƙar magana. Ema ta ce ba za ta je a madadina ba, ƙafar da ta taka feda ita za ta taka ƙofar mutane. Na bi gida goma sha ɗaya ina sallama, ina sunkuyar da kai, harshena kamar zai tsinke. Ranar Lahadi mutum goma sha tara suka zo. Ema ta dafa shinkafa da ganyen ƙamshi a babbar tukunya, da busasshen kifi da yaji, aka zube a ganyen ayaba. Aka yi layi ana miƙa bokiti hannu da hannu. Ina ɗaga kai sai ga Mang Engkus a tsakiyar layin, wando a naɗe. Ya ce kada in yi zaton don ni ya zo, shi jana'izar hayaniya ya zo, kuma yana so ya tabbatar an binne ta da kyau. Da kankaren ya bushe muka rufe shi da ƙasa, Ema har ta shuka barkono a kai.

Sai kuma na kusa kashe kaina da wayona. Na sa ƙofa biyu, na liƙe gefunansu da robar cikin taya, na shiga na rufe ina jin kaina gwani. Ban yi minti ashirin ba jiri ya kwashe ni, na fito ina haki kamar kifin da aka jefo tudu. Abah ya ce mai karatu, littafin bai gaya maka mutum yana numfashi ba? Na huda na sa miƙaƙƙen bututu, sai ya zama kakaki, bakinsa kuma daidai barandar Mang Engkus. Da kwana shida suka rage muka gano dabarar: akwatin katako mai lungu huɗu a ciki, an lulluɓe shi da zaren ɓawon kwakwa da tsohuwar katifa, da ƙaramar fanka a baki. Iska tana bin lungunan ta wuce, sauti yana karo da su ya mutu a hanya. Biyu muka yi, na shiga da na fita.

Jiya Asabar da hantsi aka yi gwaji. Mang Engkus ya ce bai yarda da kunnen mutane ba, don an ci shinkafar Ema, kowa zai ji kunya. Guntur ne zai yi hukunci. Murai in ya ji ƙarar da ta dame shi ba ya kuka, sai ya kumbura ya yi ta tsalle. Za a rataye kejin a sanda a kan rufin, in buga minti goma sha biyar da duk ƙarfina. In ya yi kuka, ganguna sun zauna. In ya yi shiru, in nemi mota. Don kada in yi wayo in buga a hankali, Pak Didin ya toshe kunnuwansa da auduga ya sauka tare da ni.

Teteh, abin da ban yi tunaninsa ba shi ne, ɗakin da ba ya fitar da sauti ba ya shigo da shi. Ina ciki ban san me ake yi a sama ba. Na buga kamar ranar ce ta ƙarshe, don ina ganin ita ce. Zufa ta rufe min ido, sandar kiɗa ɗaya ta tsage, Pak Didin ya maƙale a lungu yana motsa baki, ina jin salati yake yi. Da ya ɗaga hannu na tsaya. Na fi minti ɗaya ina kallon ƙofar.

Da na fito, na tarar da Mang Engkus a durƙushe a cikin barkonon Ema, kunnensa a manne da ƙasa. A samansa Guntur yana ta zuba kuka, bindi na rawa. Ema ta ce da farko tsuntsun ya yi tsit, sannan ya gyara tsayuwa ya fara, bai kuma tsaya ba. Shi kuwa Mang yana ta cewa a leƙa a ce wa yaron nan ya fara mana, mutane suna da abin yi. Sai da ya ga Pak Didin ya fito yana tangaɗi yana tambayar kowa me aka ce, sannan ya yarda. Pak Didin ya faɗa da ƙarfi, don ba ya jin muryar kansa, cewa ganguna sun zauna.

Da mutane suka watse, Mang Engkus ya tsaya yana karkaɗe gwiwa, yana kallon matakalar. Ya ce, Jang, ashe duk unguwar nan babu inda ya kai ramin nan shiru. Na ce haka ne, Mang. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya fito da ita: wai ko da safe in na tafi injin casa zan bari ya riƙa sauka da Guntur, ya kunna masa kukan zakaru a inda babu babur, babu mai talla, ko Allah zai sa ƙiii-ƙiii ɗin nan ya fita daga bakinsa kafin gasa mai zuwa. Maganganu uku suka zo min a lokaci ɗaya, kowacce ta fi 'yar uwarta zafi. Na haɗiye su duka, na cire makulli ɗaya daga cikin biyun na miƙa masa. Yau da safe da na leƙa, na same shi zaune a kan kujerar gangata, keji a gabansa, ya ɗora yatsa a baki wai in yi shiru.

Ki gaishe min da Ceu Imas idan ta huta, ki yi mata godiyar ɗaukar takarda. Ki gaida Teh Yuyun da kuke haɗuwa ranar hutu, da duk 'yan garinmu da ke nan. Ema da Abah suna sa miki albarka, Bi Ikah da Mang Oman suna gaisuwa, Wiwin ta ce a gaya miki ta iya karanta sunanki. Allah ya tsare ki, ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalam.

Ƙaninki,
Yayat