Zugazugin Jar Mota

Alhamis, 12 ga Afrilu, 1979

Hafsatu, surukata, ta sauka lafiya da hantsi a gidan ubanta a Kusada. Namiji. Alhamdu lillahi. Shekara bakwai muna jiran wannan rana.

Ina maƙera ina gyaran garma Sada ƙanena ya faɗo ba ko sallama, ya ce, "Yaya Nata'ala, an haifo wanda zai ƙwace maka Tani!" Na buga wa yatsana masaba, ban ji zafin ba sai da azahar. Tani matata kuwa, tsohuwa da ita, har da guɗa.

Malamin da ya koya mana boko a ajin yamma ya ce mu riƙa rubuta abin da ya faru don kar hannu ya mance. Yawanci ba ni da abin rubutawa sai ciwon gwiwa. Yau ina da shi.

Juma'a, 13 ga Afrilu

Uban jaririn ya iso nan Kankiya daga Kano, inda yake kwangila. Ɗana ne na fari, don haka ba na kama sunansa, ba na zaman hira da shi, ba na nuna na san yana duniya. Haka na taras ana yi a gidanmu. Sada ne ya riƙe shi tun daga yaye.

Ya zo cikin abin nan. Jar mota, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta na jan ƙasa kamar ƙadangare. Buhun gero ɗaya ba ta ɗauka. Mutumin da yake da mata da ɗa ya rasa abin saye sai motar da ba ta da wurin mutum na uku. Kuɗin mai ya haukata yaran zamanin nan, ban da wata magana.

Ya gaishe ni daga bakin zaure. Na amsa ina kallon bango.

Asabar, 14 ga Afrilu

Sada ya kawo mini wata takarda mai hotuna. Wai yaron yana son ya ƙara wa motar wani ƙarfe da ake kira turbo, don gudunta bai ishe shi ba. Bai ishe shi ba! A hoton abin ya yi kama da dodon koɗi. Iri biyu ne a hannun dillali a Kano, babba da ƙarami.

Sada ya yi ta bayani da hannu: hayaƙin da ke fita ta salansa shi ke juya wata farfela, ita kuma ta tura iska cikin inji, wuta ta ƙara ci. Na ce, "To zugazugi ke nan. Mi ye na dogon Turanci?" Shekara arba'in da biyar ina zuga wuta. Na san abin da iska ke yi wa ƙarfe in ta yi yawa.

Wai so yake ranar da Hafsatu ta gama wankan jego ya ɗauko ta da jaririn a cikin motar, abokansa su gani. Jikana. A cikin wannan.

Alhamis, 19 ga Afrilu

An raɗa suna a ƙofar gidan Malam Ummaru, uban Hafsatu. Sunana aka sa wa yaron. Nata'ala! Iyayen ba za su iya kama sunan ba, Babba za su riƙa ce mishi. Da aka miƙo mini shi ya damƙe gemuna. Na ce ka ga maƙeri, tun yanzu ya san riƙon awartaki.

Amma na yi ɓarna yau, sai na rubuta.

Bayan an shafa fatiha, ga surukai, ga malamai, ga mutanen Yashe da suka zo, Sada ya matso da yaron a bayansa durƙushe. Ya ce, "Yaya, ɗanka na neman shawara kan ƙarfen nan. Babba ko ƙarami?" Idon kowa a kaina. Mutum ya tsaya a gaban surukai yana nuna damuwa da ɗan fari? Na kau da kai na ce, "Ina ruwana da ɗan wani? Ya sa wanda ya ga dama." Aka yi dariya. Malam Ummaru ya ce, "Kai, Malam Nata'ala akwai kunya." Na ji daɗin yabon, Allah ya yafe mini.

Asabar, 21 ga Afrilu

Ya zaɓi babban. Wai Baba ya ba shi izini a gaban jama'a.

Wawa. Duk garin nan wa bai san abin da irin wannan magana ke nufi ba? Zaman Kano ya toshe mishi kunne.

Laraba, 25 ga Afrilu

Na ce wa Tani ta yi mishi magana. Ta ce, "Malam, ni ma ɗan fari ne gare ni. Kai da ka ce ba ruwanka, ni ce mai ruwa?" Ta ci gaba da tankaɗe. Matar nan ta iya baƙar magana tun tana amarya.

Na je wurin Sada na ce ya gaya mishi ban yarda ba, ko babba ko ƙarami. Ya ce to. Sada da ya fi yaron son motar. Jiya na gan shi yana goge mata madubi da hannun rigarsa, dattijo mai furfura.

Litinin, 30 ga Afrilu

Na je garejin Labaran a bakin kwalta, shi zai yi aikin. Ya yi shekaru a Kano yana gyaran irin waɗannan motoci kafin ya dawo gida. Na yi kamar tsohon ƙarfe na zo nema. Ya ce, "Baba, zauna, na san abin da ya kawo ka."

Ga abin da na riƙe daga maganarsa. Ƙaramin yana kamawa da wuri, a hankali, direba na jin zuwansa. Babban kuwa in an taka totur sai ya yi shiru kamar ba shi nan, mutum ya ƙara takawa, can sai ya zabura gaba ɗaya. Kuma birkin motar na da ne, ba a ƙara mishi komai ba. Na ce, "To don mi za ka ɗaura?" Ya ce, "Na faɗa mishi sau biyu. In na ƙi zai kai wa wanda bai kai ni sani ba. Kai kaɗai yake jin maganarka, Baba."

Na ce yaushe ya taɓa jin maganata? Ya ce, "Yaushe ka taɓa yi mishi?"

Marar kunya. Da maiƙo har goshi.

Alhamis, 3 ga Mayu

Na hau motar haya zuwa Kusada na ga abokina Babba. Ya yi kumatu. Na ce mishi Tani tawa ce, ya nemi tasa, ya yi mini fitsari a riga. Ban wanke ba sai da lokacin salla ya yi.

Hafsatu daga bayan ƙofa, murya ƙasa-ƙasa: "Baba, don Allah a kawo mana a-kori-kurar Baba Sada ranar komawa." Ita ma tsoro take ji, kuma ba ta iya faɗa wa mijinta a gidan ubanta.

Lahadi, 6 ga Mayu

Na tsare Sada: ka isar da saƙona? Ya ce ya isar. Na ce da wane baki? Ashe abin da ya faɗa shi ne, "Babanka ya ce ka riƙa bi a hankali." Na kusa jifarsa da gawayi. Saƙo ya fita daga bakina da zafi ya isa a sanyaye. Haka aka yi shekara talatin da ɗaya, yau na lura.

Juma'a, 11 ga Mayu

An ɗaura wa motar babban. Tun daga maƙera nake jin ta tana fito kamar shaho. Allah ya tsine wa wanda ya ƙago ta.

Lahadi, 13 ga Mayu



Bayan la'asar yaron ya fita gwaji a hanyar Kafinsoli. An ce wata tanka ce a gabansa, ya fito zai wuce ta, ya taka, motar ta yi shiru, ya ƙara takawa, sai ta fizge daidai inda shanu ke tsallaka kwalta. Ya kauce musu ya faɗa gonar wani, ya daki kututturen gawo. Mai keke ne ya kawo labari, yana ihu tun daga tasha.

Ban san lokacin da na fita ba takalmi ba. Sai a bakin asibiti na ga mutane na kallona, na tsaya. Na zagaya na zauna gindin dalbejiya kamar mai shan iska. Sada ya fito ya ce ɗinki shida ne a goshi, da targaɗe a hannu, yana magana. Na ce ni ban tambaye ka ba.

Kujerar da ke gefensa ta karye ta haɗe da gaban motar. A nan Hafsatu za ta zauna da Babba a cinya.

Litinin, 14 ga Mayu

Yana kwance a ɗakin Sada, katanga ɗaya tsakaninmu. Tani ta dama fura ta aika, wai ta maƙwabta ce. Na ji yana ce wa abokansa laifin shanu ne, da an gyara gaban zai sake gwadawa.

Laraba, 16 ga Mayu

Na yi abin da ubana bai taɓa yi da ni ba. Na tsaya a ƙofar Sada na ce, "Kai, taso." Ya waiga yana neman wanda nake kira.

Na kai shi maƙera na rufe ƙyaure. Na sa bakin fartanya a wuta, na ce ya zuga da hannunsa mai lafiya. Ya zuga a hankali, ƙarfe ya yi ja. Na ce ƙara. Ƙara. Ya yi fari, ya fara tartsatsi, gefen ya narke ya zube. Na ciro na jefar a gabansa. Fartanya mai kyau ce, ta wani mutumin Tafashiya, sai na ƙera mishi wata.

Na shirya magana mai tsawo, da zagi a ciki. Abin da ya fito kawai: "Ban yarda ba. Ka cire."

Ya ce, "Baba, na san abin da kake nufi ranar suna. Ni ma ɗan garin nan ne." Na ce to don mi? Ya ce, "Na ɗauka in na zaɓi babban za ka kira ni ka hana. Kwana uku na yi ban ce wa dillali komai ba, ina jira. Sai Baba Sada ya zo, wai ka ce in bi a hankali."

Na yi ta tona gawayi.

Na ce a cire duka, a sayar da motar. Ya ce, "Baba, a bar mini ƙaramin." Har da ciniki, ɗan kwangila. Na ce ƙaramin, kuma sai Labaran ya ƙara wa birki ƙarfi, kuma jikana ba zai shiga ba sai ya yi gemu. Ya ce ya ji. Da zai fita na ce goshin fa? Ya ce da sauƙi. Ya tsaya kamar akwai saura. Na ce tafi mana, ka tsare mini haske.

Sada ya yi fushi wai na shiga hurumin ɗansa. Ya sha ruwa.

Talata, 22 ga Mayu

Hafsatu ta cika arba'in. An ɗauko su a a-kori-kurar Sada, ita da Babba a gaba, Tani da mata a baya da ƙwarya da tukwane, suna ta waƙa.

Ni ba a bar mini wuri ba, shi ya sa na shiga jar, da Labaran ya gama gyarawa. Ba don komai ba. Shigarta sai da na naɗe kamar tabarma. Mun biyo bayansu tun daga Kusada, Sada na tafiya kamar mai jan amalanke, yaron bai wuce shi ba ko sau ɗaya. Na lura da ƙafarsa duk hanya.

Bayan Yashe hanya ta miƙe, ba kowa. Na ce, "Ina ƙaramin da aka sa? Ko Labaran ya cuce ka?" Ya ɗan taɓa. Abin ya kama sumul, kamar zugar gwani. Na ce ya isa. Ya sassauta nan take.

Na tambaye shi ko ya ci abinci. Ya ce a'a. Muka tsaya Kafinsoli muka ci tsire, ni da shi, a benci ɗaya. Mutane sun gani. Su gani.

Alhamis, 24 ga Mayu

Babba ya kwana biyu a gidan nan, kukansa ya fi na motar ubansa. Allah ya raya mini shi.

Har yanzu motar banza ce, ba ta ɗaukar buhu. Mai ita ya koma Kano da safe, ya shigo har maƙera ya yi sallama, na ce ya riƙa aiko da labarin isarsa.

Tani ta ce ta ji ni a ƙofar gida ina gaya wa mutane ni na zaɓi ƙarfen. Ban ce haka ba. Cewa na yi ƙaramin ya fi, kuma yaron nan nawa yana jin magana.