Ramuka Uku a Gonar Isa

Asabar, 7 ga Disamba 2024

Likita ya sake cewa in riƙa tafiya da ƙafa, wai hawan jinin nan ba ƙwaya kaɗai yake so ba. Shekara talatin da huɗu ina tsaye gaban allo a lakwal, ana ce mini Mushe kamar kowane malamin makaranta, yanzu da na ajiye alli a ce in riƙa yawo kamar wanda akuyarsa ta ɓata. Matata Safiya ta ce in ban fita da girmana ba, da tsintsiya za ta raka ni. Na fita bayan la'asar, na bi hanyar tafki.

A gonar Isa na ga abin mamaki. Isa ɗin da na koyar a aji huɗu, mai kunnen ƙashi, yanzu magidanci ne da 'ya'ya shida. An yi girbi an kwashe kara, sai wani tsoho shi kaɗai a tsakiyar gona yana auna wata 'yar farar ƙwallo da sandar ƙarfe. Ɗan Azumi ne, wanda ya daɗe a Najeriya ya dawo gida bara. Na yi sallama, bai amsa ba sai da ya buga, sannan ya juyo da fara'a ya ba ni haƙuri. Wai golf ake ce wa abin. Shekara ashirin yana ɗaukar wa manya jakar sanduna a wani fili can wajen Kaduna, goma kuma yana gyaran filin.

Ƙwallon nan sai da ta haye gawon tsakiyar gona. Ban taɓa ganin ɗan shekara saba'in ya juya ƙugu haka ba.

Talata, 10 ga Disamba

Na koma. Don tafiyar da likita ya ce ne.

Ramuka uku ya haƙa, kowane da tuta ta jan ƙyalle. Kewaye da kowane rami ya tankaɗe rairayi ya shimfiɗa, faɗin ɗaki guda. Wanda ya sa ƙwallo a rami da bugu kaɗan shi ya ci. Isa ya ba shi aron gonar har faɗuwar ruwa, sharaɗi ɗaya tak: gona ta koma yadda take.

Ya ba ni sanda. Bugu na farko na doki iska, na biyu na doki ƙasa. Goma sha huɗu kafin in shiga rami na farko. Shi huɗu.

Abin da ya tsaya mini a rai: da muka gama, ya ɗauko wani tsohon buhu da ya ɗaure a sanda, ya ja a kan rairayin har sawunmu ya ɓace. Na ce wa zai zo bayanmu, mu biyu ne duk Madarounfa? Ya ce, “Wanda za ya zo gobe shi ma mutum ne, Mushe, ko da kai ne.”

Alhamis, 19 ga Disamba

Yau bugu tara. Kafaɗa kamar na kwana ina daka.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

A fada, wajen hirarmu ta dattawa, sun samu abin shan shayi da shi. Wai Mushe Ashiru ya koma wasan yara, gobe sai langa. In sun isa su zo su buga.

Ɗan Azumi ya ce ina riƙe sanda kamar bulala. In riƙe ta kamar ɗan tsako, kada ya tsere kada ya mutu. Kai a ƙasa, ido a kan ƙwallo, kada in yi saurin ganin inda ta tafi. Magana kaɗan yake yi, kuma ba ya yin ta sai na sauke sanda. In zan buga, yakan koma gefe ya tsaya cak, har inuwarsa yake janyewa daga gabana.

Yau na zubar da girma. Ƙwallo ta faɗa cikin ƙarangiya sau biyu, na yi jifa da sandar. Sandarsa, ɗaya daga cikin biyar ɗin da ya dawo da su bayan shekara talatin. Ya taka a hankali ya ɗauko, ya goge da bakin riga, ya miƙo mini ta wajen mariƙi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 12 ga Janairu

Sai na rubuta wannan.

A rami na biyu ƙwallonsa ta kwanta jikin wani guntun kara. Ya sunkuya ya janye karan. Ni ina can ina cire ƙaya daga takalmi, ban ga komai ba. Da muka isa rami na ce huɗu, ya ce a'a, biyar. Wai da ya taɓa karan ƙwallon ta motsa, kamar faɗin yatsa, kuma doka ta ce a ƙara bugu ɗaya. Na ce ai ban gani ba. Ya ce shi ya gani.

Ni kuwa kwana nawa ina tura tawa da ƙafa daga cikin kwarin kunya in ya juya baya. Ni da na yi shekaru ina zane 'ya'yan mutane kan satar amsa. Mutumin nan ko aji ɗaya bai yi ba.

Juma'a, 24 ga Janairu

Shida, biyar, shida. (Ɗaya daga cikin shidan ƙafa ta taimaka. To.) Bugun nesa ya fara zama, yau har ya ce “madalla” da ƙarfi, na ji daɗi kamar ɗan aji ɗaya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bugun kusa. Ƙwallo takan nutse a rairayi ta tsaya taku ɗaya kafin rami.

Ya ce a can inda ya yi aiki, baƙin mai na mota suke cuɗawa da rairayin, sai ya kama jikinsa, ƙwallo ta riƙa gudu sumul. Na ce to mu me ya hana mu? Ya yi dariya ya ce, “Can hili ne, nan gona ce.” Ina jin nauyin roƙo yake ji. Mutum ne mai kunya.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ɗan Azumi ya tafi Gabi gaisuwar rasuwa, kwana huɗu. Na karɓo bido biyu, manyan jarkoki, na baƙin mai wajen Sule mai garaji, har godiya ya yi mini da na rage masa shara. Da hantsi na cuɗa a rami na farko, na daddale. Ƙwallo gudu take kamar a kan siminti! Uku a jere na saka. Bari tsohon ya dawo ya ga aikin ɗalibinsa.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Innalillahi.

Na isa na tarar da Isa da amalanken taki, yana tsaye kan ramin yana faɗa, muryarsa har bakin hanya. Mai ya bi ƙasa ya yi baƙi ƙirin, ya wuce inda na zuba. Yana cewa nan ne zuciyar gonar, nan ubansa yake fara shuka, ƙasar da ta sha wannan abin ko ciyawa ba ta yi. “Don Allah Baba, mi na yi maka? Aro na ba ka!”

Ɗan Azumi yana tsaye da hularsa a hannu. Daga mota ya sauko, ko gida bai je ba. Abin da ya ce kawai, shi ya kawo wasan nan gonar, don haka a kansa yake.

Isa ya juyo ya ce, “Mushe, ka ga wanga aiki?” Na ce subhanallahi. Abin da na ce ke nan. Subhanallahi.

Ya ce a cire tutoci, ba ya son ƙara ganin sanda a gonarsa. Ɗan Azumi ya dubi takalmina sau ɗaya, bakinsu duk mai, ya ɗauke kai ya tafi cire tuta.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Ban fita ba. Ai da kyakkyawar niyya na yi. Kuma shi ya fara kawo zancen man.

Safiya ta ɗago rigata daga bokitin wanki ta ce, “Malam, wannan baƙin sabulu ba ya fid da shi.” Ta daɗe tana dubana. Duk garin an ji zancen gonar, kuma ita ba yarinya ba ce.

Yaya zan je in durƙusa gaban yaron da na koya wa rubuta sunansa?

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na bi hanyar tafki don in leƙa daga nesa. Yana can shi kaɗai da shebur da baro, yana haƙe baƙar ƙasar. Ya cika baro rabi, don ba ya iya tura cikakke. Na tsaya bayan gawo kamar ɓarawo, sannan kunya ta tura ni.

Na ce, Malam Ɗan Azumi, ka san ni ne. Ya ce ya sani. Na ce to me ya hana ka faɗa, ga shi an raba ka da abu ɗaya da ke sa ka dariya a garin nan? Ya dogara da shebur yana haki, ya ce, “A wasan nan ba a faɗa ma mutum bugunshi, Mushe. Kowa shi ka faɗin nashi.”

Na karɓi shebur ɗin. Bai hana ni ba.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Na je gidan Isa bayan azahar. Ya yi ta rawar jiki, tabarma, ruwa, a kawo fura. Na ce ya zauna. Na faɗa masa duka, har subhanallahin.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, “Mushe, ka tuna ranar da aka fasa tulun aji? Ka sa mu gwale-gwale mu arba'in har wanda ya fasa ya faɗi.” Na tuna. Shi ne ya fasa, kuma ya miƙe ya faɗa, yana ɗan shekara goma. Bai ƙara komai a kai ba, kuma bai yi dariya ba. Allah ya yi masa albarka.

Ya ce ba shi za mu ba haƙuri ba, ƙasa za mu ba. In wurin ya yi gero bana, mu dawo bayan girbi. In bai yi ba, mu nemi wani wuri. Wani wurin ina? Wa zai ƙara ba mu aro bayan wannan?

Da la'asar an ce an ga Isa a ƙofar gidan Ɗan Azumi, a durƙushe.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Mun haƙe har gwiwa, mun kai baƙar ƙasar bayan garajin Sule inda ta fito. Amalanke shida na ƙasar fadama, huɗu na taki. Hannuna duk kanta. A fada yanzu cewa suke Mushe ya koma lebura. Wannan karon ban ji haushi ba, ban san dalili ba.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi. Ina gwada bugun kusa a tsakar gida da gwangwanin tumatir, Ɗan Azumi ya bar mini sanda ɗaya. Na fasa wa Safiya kwanon sha. Na faɗa mata kafin ta gani, ta ce lallai duniya ta zo ƙarshe.

Jiya na gan shi a masallaci. Ya rame. Ba ya zancen wasan ko kaɗan, ni ma ban tayar ba.

Lahadi, 6 ga Yuli

Gonar Isa ta yi kore ko'ina, ban da wurin nan. Tsiron ya fito amma rawaya-rawaya, gajere. Kullum nakan biya, wai tafiyar likita. Na yi masa noma da hannuna, na tsaya ina kallonsa kamar mai jinya. In ya mutu ni na kashe wa tsohon nan wasansa.

Lahadi, 17 ga Agusta

Tsiron ya kamo sauran. Alhamdulillahi. Har ina ganin ya ɗan fi su duhu, amma ƙila idona ne.

Asabar, 15 ga Nuwamba

An gama girbi tun makonni, Isa bai ce uffan ba, ni kuma ban da bakin tambaya. Yau na biya sai na ga an tumɓuke kututturan gero a wuri uku, an share, an tara rairayi a gefe. A wurin rami na farko an kafa kara guda da zangarniyarsa, doguwa, cike da ido, an ɗaura mata jan ƙyalle.

Na tafi gidan Ɗan Azumi kusan da gudu, ni da hawan jinina. Yana kwance da ciwon gwiwa. Da na faɗa masa ya rufe fuska da hula na ɗan lokaci. Sannan ya tura mini jakar duka, sanduna da buhu, ya ce in je in buɗe fili, shi sai jibi.

Na tankaɗe rairayin, na buga rami ɗaya ni kaɗai. Babu kowa sai balbelu. Ƙwallo ta faɗa kwarin kunya, na buga ta daga inda take. Wajen janye wani kara kuma ta ɗan motsa. Ba wani abu ba ne, lissafi ne kawai, kuma ni malamin lissafi ne.

Da na mayar da jaka ya ce nawa? Na ce takwas. Ya ce, “Bara shida kake yi a ramin nan.” Na ce bara ƙafata na taya ni. Ya yi dariya har da tari, ya ce ya sani.

Sai da na zo gida na ga buhun sharar a hannuna. Na ja shi a kan rairayin kafin in taho, ban ma tuna lokacin da na yi ba.