Buhunan Iri na Siton Ƙafur

Zuwa ga Malam Ndagi, Banufe, abokin wasana.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ne Audu Maisito na Ƙafur. Har yau ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini ko kalma ɗaya.

An ce ƙafa ta zaunar da kai a Bida. Ni ma ido ya fara gudu, shi ya sa nake sauri.

Ka tuna shekarun farko bayan samun 'yancin kai, da ƙungiyarmu ta manoman auduga ta ɗauko ka daga Kaduna ka gyara mana tsarin aiki? Ka tarar da ni ina jibge buhunan iri a ƙasa. Ka ce a ɗora su kan katako, a bar kamu ɗaya tsakaninsu da bango, wanda ya fara shiga shi zai fara fita. Na ce Banufe ya tsaya a kifi.

Muka raba siton biyu. Da damina ta wuce, nawa ya yi fumfuna, naka kuma gara ta cinye katakon. Na kai ka daji na nuna maka ƙirya, wadda gara ba ta taɓawa. Ka rubuta a littafinka, har da sunana.

Ka ce aikinka bai ƙare ba sai ka ga na koya wa wani a gabanka. Ni kuwa na ƙi. In tsaya gaban jama'a ina maimaita maganar Banufe? Sau biyu kana barin jirgin ƙasa ya tashi daga Funtuwa ba kai, kana jirana. A na uku ka tafi, ranka ba daɗi.

Littafin da ka bari, ruwa ya ci shi tuntuni. Amma Ndagi, na koyar. Da hannu, buhu bayan buhu, yadda ka yi mini. Mutum tara. Na ƙarshe Tanimu ne, jiya na damƙa masa makulli, bayan da ya koya wa wani a gabana. Na faɗa musu a wurin wa na samo, da ƙarfi, a bainar jama'a.

To, aikinka ya ƙare. Ka huta.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa mu gama da imani.

Ni ne ubangidanka, ko ka ƙi ko ka so,
Audu Maisito