Na Hana Kawuna Kwana a Gidan Kan Dutse

Gwaggo Rabi'atu, don Allah ki agaza mini da shawara, amma in faɗa miki tun da wuri: ban zo don a ce in ba da haƙuri ba. Na gaji da jin kalmar nan.

Ni 'yar Damagaram ce, ina aikin bincike a nan Bron, gefen Lyon. Na daɗe ina kallon abokan aikina, da sanyi ya shigo sai su ɗaure katakan siki, na wasan zamiya, a saman mota su haura duwatsu, ran Litinin su dawo da labarin zamiya a kan ƙanƙara, mu kuwa muna ƙudundune cikin bargo muna jiran rana ta dawo. Wata rana ɗayansu ya ce mini ai wasan ba namu ba ne. Sai na nemo Illiassou, ɗan Maraɗi, da Aishat, 'yar Njamena, mu uku muka kafa ƙungiyar wasan siki. Muka samu wani tsohon gidan katako can kan dutse, mai shi, wata dattijuwa Madam Suzanne, ta ba mu haya. Da hannunmu muka kankare bango, muka gyara murhu, muka ware ɗakin salla. Faɗuwa a kan ƙanƙara kam na sha ta, amma ranar da na fara gangarowa ban faɗi ba, da ɗankwalina da komai, sai da na yi kukan daɗi.

Sharaɗi ɗaya Madam Suzanne ta gindaya mana: kada masu kwana su wuce goma sha huɗu, saboda gobara, don matakalar gidan ɗaya ce kuma ta katako. Muka ce to. Amma kin san mu, Gwaggo, in an gayyaci mutum an gayyaci gidansu. Ranar buɗewa kowane mamba ya zo da ƙaninsa, ƙanin ya zo da abokinsa, abokin ya zo da tukunya. Har a madafa aka shimfiɗa katifa. Da safe dattijuwar ta hauro, ta ga takalma a ƙofa kamar masallacin Juma'a, ta ce in aka sake, mu miƙo makulli. Shi ne muka kafa doka: ba mai kwana sai mamban da ya sanar tun kafin ya taso.

Ana nan, wata Asabar da la'asar, sai ga kawuna Alhaji Chaibou, ƙanin mahaifiyata mai shago a Goutte d'Or, tun daga Paris, da Hajiyarsa da surukinsa. Bai kira ba. Yaushe Alhaji ya taɓa neman izini kafin ya je wurin 'yarsa? Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi da na zo ƙasar nan, a gidansa na La Courneuve, gefen Paris, na fara zama, 'ya'yansa mata suka bar mini gadonsu suka koma falo. Ranar kuwa gadajenmu sun cika. Na tarye su a bakin ƙofa, na yi masa bayanin doka, na ce akwai otal a gindin dutse, ni da kaina zan kai su. Ya juya, suka shiga mota suka tafi.

Yanzu daga Paris har Damagaram sunana wadda ta kori kawunta cikin sanyi. Mahaifiyata ta daina ɗaukar wayata. Wasu mambobi na cewa a soke dokar, wai baƙonka annabinka. To in an soke, aka karɓe gidan, baƙon a ina za a sauke shi? Wallahi ba zan soke ba. Ban sha wahalar nan don abin ya rushe a kan "ai ɗan'uwa ne" ba. Sai dai ina kewar muryar uwata, kuma shirun Alhaji yana ci mini rai. Yaya zan yi?

'Yar Damagaram da ke Bron

'Yata, sannu da ƙoƙari, kuma kada ki soke dokar. Wuta ba ta san kawu ba, alkawarin da kuka yi wa dattijuwar nan kuma amana ne. Alhaji ma yana da nasa laifin. Kan dutsen ƙasar nasara ba tsakar gidan Damagaram ba ne da za a ƙara tabarma, waya ɗaya da ta raba gardama.

Amma dubi abin ta wajensa. Dattijo ya taso tun daga Paris don ya ga abin da 'yarsa ta gina, har ya ɗauko suruki don ya yi alfahari da ke, sai kika karanta masa doka a bakin ƙofa, gaban surukin. Dokarku kwana ta hana, ba ta hana shiga da shayi da salla ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ke kuwa ko ɗaya ba ki shimfiɗa ba.

Sannan ki sake duba sharaɗin. Mutum goma sha huɗu aka ce, ba a ce dole ke ce ɗaya daga cikinsu ba. Baƙi uku suka zo, ku uku kuka kafa ƙungiya. Otal ɗin da kika nuna masa, ku ya kamata ku gangara ku kwana a ciki, kamar yadda 'ya'yansa suka koma falo saboda ke.

Ki bar waya, ki hau jirgin ƙasa, zumunta a ƙafa take. Gidansa za ki je, ba shago ba. Haƙurin da ba ki son ji, a kan tarba za ki ba da shi, ba a kan doka ba. Ki roƙe shi ya zama uban ƙungiya, don dattijon da aka danƙa wa doka ya fi kowa tsare ta, kuma in ya huce shi zai kira mahaifiyarki. A cikin gadajen ku ware biyu na baƙi, ku huta da irin wannan. Ranar da Alhaji ya sake haurowa kuwa, ko da na baƙin babu kowa a kai, gadonki za ki ba shi.

Allah Ya raya ƙungiyarku, Ya tsare ku daga wuta da karaya, Ya sanyaya zuciyar mahaifiyarki.

Gwaggo Rabi'atu